Kurakuran masu ƙera kayan awon jini wajen neman takardar mallaka

Duk wanda ya taɓa kai yaro awon ƙarancin jini a Yamai ya ga abin: a soki yatsa, a kanga ɗan siririn bututu, jini ya hau da kansa kamar yadda lagwani ke shan kananzir, sai a saka shi a na'urar da ke haska shi ta fitar da sakamako. Irin na kamfanin HemoCue na ƙasar Suwidin ke nan. Matasanmu na laboratuwar sun fara gwada ƙera nasu, abin yana burge ni ƙwarai, amma kurakurai iri ɗaya suke ta maimaitawa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne gaggawar nunawa. Mutum ya ɗora bidiyo a Facebook, ko ya yi bayani dalla-dalla ranar kare kundinsa a jami'a, sannan ya je neman brevet, wato takardar mallakar ƙirƙira. To, abin da duniya ta riga ta gani ya daina zama sabo a idon doka, ko da kai ka nuna shi. Ajiye takardunka tukuna. Wanda dole ya gani kafin nan, ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri.

Sai masu cewa su suka gano hawan ruwa cikin bututu. Wannan ikon Allah ne, ba mai mallakarsa. Abin da ake karewa shi ne dabararka: faɗin ramin, maganin da ka busar a ciki, tagar da haske ke ratsawa. Shari'a kuwa a kan kalmomin da ka rubuta take tsayawa. Ka ce "gilashi" kawai, wani ya yi da roba, ya tsira. Ka faɗaɗa da yawa, a zaƙulo tsohuwar takarda a rushe taka. A Amurka, a 2018, kotu ta ɗora wa kamfanin 10x Genomics diyyar kusan dala miliyan 24 a shari'arsa da kamfanin Bio-Rad kan takardun mallakar fasahar ƙananan ɗigo cikin siraran hanyoyi. Don haka nemi ƙwararre ya rubuta maka sashen da ke fayyace abin da kake son a kare, bayan kun binciki takardun da suka gabata.

Akwai kuma batun iyaka. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai ba da takardun mallakar ƙirƙira, mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Takarda ɗaya ta wadatar a ƙasashe 17. Najeriya ba ta ciki. In kana hangen kasuwar Kano, wata 12 gare ka daga ranar ajiyar farko ka shigar da buƙata can.

Kariyar shekara 20 ce, amma sai ana biyan kuɗin kowace shekara. Ka yi sake, ta faɗi. In kuma da kayan ma'aikata ko na jami'a ka yi aikin, ku rubuta rabon kowa tun kafin a ajiye takardu.