Idan za ki gaisuwar mutuwa gidan Yahudawa

Shekarata tara ina jinyar tsofaffi a gidajensu a Brooklyn, kuma yawancin waɗanda na riƙe Yahudawan unguwar Borough Park ne. Mai irin aikinmu ba ta rabuwa da gaisuwar mutuwa. Da tsohuwar da na fara riƙewa ta rasu, asubanci na yi na dafa shinkafa da miyar kaza, na cika kula. Na isa na danna ƙararrawa, ana buɗewa na hau jero musu gaisuwa da ban haƙuri da ɗan Turancina. Falo ya yi tsit. Kular kuwa a bakin ƙofa ta wuni, da ita na koma Bronx. Don kada wata 'yar'uwa ta sha irin wannan kunya nake rubuta abin da na koya daga baya.

Ki fara da sanin lokaci. Kamar mu, ba sa ajiye gawa: wanka, farin likkafani, akwatin katako marar ado, a binne a ranar ko washegari, sai fa in Asabar ta gitta. Kafin binnewa ba a zuwa ban haƙuri, don magabatansu sun hana rarrashin mutum alhali gawar nasa na kwance a gabansa. Ana dawowa daga maƙabarta ake fara zaman makoki na kwana bakwai, wanda suke kira shiva. Ki tambayi sa'o'in da suke karɓar baƙi, kuma ki kauce wa tsakanin faɗuwar ranar Juma'a da daren Asabar.

Kada ki riƙo fure. Abinci kuwa sai wanda kika saya a shagon kosher, wato abincin da addininsu ya halatta, a rufe da hatiminsa, domin halal ɗinmu ba ta isar musu ba, tukunyar gidanki ma ba ta shiga lissafi. 'Ya'yan itatuwa da ba a yanka ba sun fi sauƙi. In kuɗi ne, ki yi sadaka da sunan mamacin, dala 18 ko 36 ko 54. Haruffan kalmar "rai" a Ibrananci lissafinsu 18 ne, irin hisabin da malamanmu ke yi.

Ƙofa a buɗe ake barinta, ki tura ki shiga. Mayafinki da doguwar rigarki sun wadatar, kuma kada ki miƙa wa namiji hannu. Za ki tarar an lulluɓe madubai, kyandir na ci dare da rana, masu makoki suna zaune a kujera 'yar tsugunno, ba takalmin fata a ƙafarsu, rigarsu a yage a ƙirji. Wanda ya rasa uwa ko uba a hagu yake yagawa, daidai zuciya.

Sai abin da ya fi ba Bahaushiya wuya: ki zauna ki yi shiru. Ba gaisuwa, ba "ya muka ji da haƙuri". Mai makoki shi ke fara magana, in bai fara ba ki bar shi. Sun ɗauko wannan daga labarin Annabi Ayuba a littafinsu, inda abokansa uku suka zauna da shi a ƙasa kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce uffan saboda girman azabar da suka gani. A labarin, sai da suka buɗe baki suna nema wa wahalarsa dalili suka yi ɓarna. Don haka in an ba ki ƙofar magana, kada ki ce ai ta huta, kada ki fassara musu hikimar ciwon. Ki ba da labarinta. Ni na faɗa wa 'yarta yadda tsohuwar ke ɓoye alewa a aljihun rigar barci ta ce likita bai gani ba. Ta yi dariya, ta yi kuka, ta ce in ƙara.

Ba wai ba su yarda da tashin matattu ba ne. Masu riƙo da addini a cikinsu sau uku a rana suke yabon Allah a salla da sunan Mai rayar da matattu, kuma babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, da tashin matattu ya rufe ginshiƙan imani 13 da ya jera. 'Yar tsohuwar ce ta gaya mini akwai wani ɗan ƙashi a gadon baya, luz, wanda ƙasa ba ta ci, daga shi za a sake gina mutum. Na ce mata ai mu ma a Islamiyya an karanta mana ajbuz zanabi. Amma ban taɓa jin sun ɗauki wannan imani sun toshe wa mai kuka baki da shi ba. Ko addu'ar Kaddish ta masu makoki, wadda sai da mutum goma ake yinta, babu ambaton mutuwa a cikinta, girmama sunan Allah ce kawai. In an tashi yinta ki miƙe ki tsaya a gefe.

In kin ga dafaffen ƙwai da adas (wani ɗan ƙaramin wake) a tebur ranar farko, maƙwabta ne suka kawo wa iyalan gidan, ba na baƙi ba ne. Abu mai kewaye suke zaɓa, wai mutuwa juyawa take kan kowa, kuma ƙwai ba shi da baki kamar yadda mai makoki ba shi da shi.

Minti 20 zuwa 30 ya isa. In za ki tashi, ki tsaya gabansu ki ce Allah ya ba ku haƙuri tare da sauran masu makokin Sihiyona da Urushalima, shi ne lafazin da suka saba. In ya yi miki nauyi, ki ce Allah ya sa ambatonta ya zama albarka.

Da safiyar kwana na bakwai ake tayar da su, a fita da su su zaga layin unguwa da ƙafa. Har a cika kwana 30 daga ranar binnewa ba biki ba aski, 'ya'ya kuma su ci gaba da Kaddish wata 11. Bayan bakwai gida ke yin wayam, to ki ajiye wata ziyarar sai lokacin. Ni na yi sakaci, aka canza mini gida, ban sake ganin 'yar tsohuwar ba sai bayan shekara da wani abu, a tashar bas. Ta riƙe hannuna ta faɗi wata magana da Ibrananci. Na tambaye ta ma'ana, ta ce abin da suke cewa ke nan in sun ga wanda suka shekara ba su gani ba: albarka ta tabbata ga Mai rayar da matattu. Sannan ta tambaye ni ko har yanzu ina yin miyar kazar nan da ba su ci ba.