Yadda za ka karanta labarin tsohon masunci da teku ka gane shi ko ba ka taɓa ganin teku ba

Littafin Ernest Hemingway mai suna The Old Man and the Sea, wanda ya fito a 1952, ɗan ƙarami ne, Turancinsa kuma ba mai tsauri ba ne. Duk da haka ɗalibai da yawa kan ajiye shi tun ba su yi nisa ba. Abin da ke kayar da su kayan jirgi ne da sunayen kifaye, ga kuma tsoho shi kaɗai a tsakiyar ruwa yana ta magana da kansa. Ga hanyar da za ka bi.

Da farko ka yanka littafin da kanka, don marubucin bai yi masa babi ba. Ɗauki fensir ka raba shi bisa kwanaki: yinin da Santiago, wato tsohon masuncin, ya dawo hannu rabbana bayan kwana 84 bai kama ko kifi ɗaya ba, ranar da ya fita ya yi nisa da gaɓar Kyuba, kwanakin da ƙaton kifin da ya kama fatsarsa ya yi ta jan jirginsa, komowarsa cikin dare, sai kuma wayewar gari. Kowane zama ka karanta kashi ɗaya.

Karatun farko kuwa ka rufe ƙamus. Duk kalmar da ta shige maka duhu, ja mata layi ka wuce. Mai tsayawa duba kowace kalma, kafin ya kai ƙarshen shafi ya manta wanda ke magana. Da ka gama kashin, rufe littafin ka faɗi abin da ya faru da Hausa cikin jimla uku, da baki. In ka kasa, ba ka gane ba ke nan, koma.

Yanzu sai kalmomi. Samo farar takarda ka zana ɗan jirgin tsohon, ko zanen bai yi kyau ba. Rubuta bow a goshinsa, stern a bayansa, mast a jikin sandar da ke riƙe da ƙyallen iska, tiller a kan itacen da ake karkata jirgi da shi, oar a jikin filafili. Kalmar da ka ga mazauninta a zane ba ta saurin ɓacewa, saɓanin wadda aka jera a littafin rubutu aka haddace. Ka yi wani zanen na igiyoyin fatsarsa. Ya zura su zurfi daban-daban, kifin kuma ya kama wadda ke fathom 100. Wannan awo ba baƙo ba ne gare mu, gaba ce irin wadda mahaƙa rijiya ke auna zurfi da ita, ƙafa shida kowace ɗaya. Wato ƙafa 600 a ƙarƙashin ruwa. Ɗalibin da ya yi wannan lissafin zai gane dalilin da ya sa tsohon ya daɗe bai ga abin da ke jan sa ba, yana dai jin sa a hannu da gadon baya.

A kula da wani tarko: dolphin ɗin da Santiago ya kama ya ci ɗanye kifi ne mai launin zinare, ba dabbar nan mai tsalle da ake nunawa a talabijin ba.

Abin da ya fi kowanne amfani, a ganina, shi ne lissafin abin da tsohon ya rasa. Buɗe sabon shafi ka riƙa rubutawa tun daga lokacin da ya ɗaure kifin a gefen jirgi. Kifin shak (mugun kifin teku mai cin nama) na farko ya yagi naman kifin, ya kuma nutse da mashin tsohon (harpoon) har da igiya. Sai tsohon ya ɗaura wuƙa a jikin filafili, ita ma daga baya ta karye. Ya koma kulki (club), cikin dare aka fizge shi. Ya zare itacen tuƙi ya ci gaba da duka har ya tsage. A gaban kowanne ka rubuta abin da ya ce wa kansa bayan hasarar. Daga wannan shafin za ka amsa mafi yawan tambayoyin da malami zai yi a kan halin Santiago, kuma kalmomin harpoon da club da tiller sun zauna maka ba tare da haddar aku ba.

Bayan nan ka fara yi wa kanka tambayoyi masu “me ya sa”, ka bar masu “wane ne” da “nawa ne” don ba su da wuya. Me ya sa iyayen Manolin, yaron da ke taimaka masa, suka cire shi daga jirgin tsohon bayan kwana 40? Me ya sa tsohon yake kiran kifin da yake shirin kashewa ɗan'uwansa? Me ya kawo zakunan gaɓar Afirka cikin mafarkinsa? Kowace amsa ka kafa ta da lambar shafi. Amsar da ba ta da shafi ra'ayi ce kawai, mai gyaran jarrabawa ba ya ba ta maki sosai.

Kalmomin da ka ja wa layi tun farko, zaɓi goma ka saka kowace a jimlar kanka, ka bar sauran. In akwai masunci a garinku, kai masa zanen jirgin ka tambaye shi sunan kowane sashe a wurinsu.

Sai ka sake karanta shafukan ƙarshe a hankali. Masunta sun auna ƙashin kifin sun samu ƙafa 18, wasu 'yan yawon buɗe ido kuma suka gan shi suka ɗauka na shak ne. Rubuta rabin shafi ka bayyana abin da masuntan suka gani wanda baƙin ba su gani ba, ka ba abokin karatunka ya duba ko hujjojinka suna cikin littafin.