Yadda Ake Fahimtar Sunan Gidan Abincin Sinawa

Matasanmu na ƙauyukan Kano da Jigawa da ke bin iyayen gidansu na Kantin Kwari zuwa Guangzhou saro kaya, da waɗanda karatu ya kai ƙasar Sin, suna bukatar sanin cewa allon ƙofar gidan abinci yana faɗin abubuwa da yawa tun kafin mutum ya zauna.

A fara da ƙarshen sunan, domin a nan ake bayyana irin wurin. Lou yana nufin bene, yuan kuma lambu. Jiulou da jiujia sun samo asali ne daga jiu, wato giya, kuma ko da yake yau manyan gidajen abinci ake nufi da su, mai shiga ya sa ran ganin kwalabe a kan tebura.

Farkon sunan yawanci fatan alheri ne, kamar yadda mai shago a Gumel yake rubuta Albarka ko Nasara a saman ƙofarsa. Fu sa'a ce da wadata, jin zinariya, long kuwa dodon almara ne mai siffar maciji wanda yake alamar sarauta da ƙarfi. Sinawa suna son lamba 8 saboda furucinta ya yi kusa da na kalmar bunƙasar arziki, suna ƙyamar 4 saboda ta yi kama da ta mutuwa. Duk wannan ado ne, ba ya faɗin abin da ke cikin tukunya. Sunan yanki ya fi amfani: Chuan na nuna girkin Sichuan, Xiang na Hunan, dukansu masu barkono sosai, Yue kuma girkin Guangdong ne mai sauƙin yaji.

Abin da ya fi kamata Musulmi ya haddace shi ne haruffa biyun nan, 清真, waɗanda ake karantawa qingzhen, ma'ana halal. Sau da yawa allon kore ne, masu wurin kuma 'yan ƙabilar Hui ne ko Uyghur, kuma sunan dangi Ma ya yawaita a cikin Hui. Shagunan taliyar Lanzhou mai naman shanu galibi na Hui ne, haka ma gidan abincin Donglaishun na Beijing, wanda ya shahara da naman rago, ɗan Hui ne ya kafa shi a 1903. Kada a dogara da ganin rubutun Larabci, domin a 2019 hukumomin Beijing sun sa an cire shi daga allunan gidajen abinci.

Wannan taka-tsantsan ya zama dole saboda a wurin da ba na Musulmi ba, idan aka rubuta rou kawai, wato nama, naman alade ake nufi, kuma kitsensa yakan shiga har cikin girkin ganye. Naman shanu niurou ne, na rago yangrou. Matafiyi ya ajiye hoton haruffan a wayarsa, ya gwada su da na allon, ya kuma nuna wa mai hidima kafin ya nemi abinci.