Yadda za ka tsara garejin gida don kada hayaƙin mota ya biyo ka ɗaki

A sabbin unguwannin Kano, Kaduna da Abuja, ana yayin gidan da garejinsa ke manne da falo ko kicin. Mai zane ya zana, mai gida ya ga ya yi masa: ka shigo da mota, ka fito, ka tura ƙofa, sai ga ka a cikin gida, babu rana babu ruwan sama. Wannan fasali ya fi yawa a Amurka da Kanada, inda sanyi da ƙanƙara ke sa mutum ƙyamar taka waje. Sai dai su can sun haɗa shi da dokokin gini masu tsauri a kan bango da ƙofar da ke tsakanin gareji da ɗakuna. Mu kuwa fasalin muka ɗauko, dokokin muka baro musu.

Abin tsoron shi ne iskar kabon monoksaid da ke fita ta salansa. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da kake ji a bayan mota na wasu abubuwa ne da ke tare da ita, kuma yana iya gushewa ita tana nan. Idan ta shiga huhu, jini ya fi kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau 200 ko fiye, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da suke rayuwa da shi. Farkon alamunta ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya da kasala, wato daidai abin da kowa a nan zai ce maleriya ce ko taifod, ya sha magani ya koma ɗakin ya kwanta.

Mataki na farko: idan ba ka fara gini ba, raba su

Ra'ayina a fili yake: a ƙasarmu garejin da ke tsaye shi kaɗai ya fi, rumfar mota mai buɗaɗɗen gefe kuma ta fi duka biyun. Abin da mota ke buƙata a nan inuwa ce, da katanga da get mai ƙarfi. Rumfar kwano a kan ƙarafa tana ba da inuwar, iska na ratsawa ta kwashe hayaƙi, kuɗinta kuma bai kama ƙafar na bango huɗu da rufi ba.

Wanda fulotinsa 50 a 100 ne zai ce fili ya yi kaɗan, kuma yana da gaskiya, domin gareji na daban yana cin tsakar gida. Wani kuma tsaro ne damuwarsa, ba ya son fita daga mota da dare ya taka tsakar gida. Idan hakan ya sa dole a manna shi, to a gaya wa mai zane tun a takarda: kada ɗakin kwana ya haɗa bango da gareji, kada a ɗora ɗakin kwana a samansa, kada kuma a buɗe ƙofa daga gareji kai tsaye zuwa inda ake barci. Wannan na ƙarshen, kundin dokokin ginin gidaje da yawancin jihohin Amurka ke aiki da shi ya haramta shi ƙarara. A sa sito, banɗaki ko baranda a tsakani. Mafi sauƙi ma a bar gareji ba tare da ƙofar ciki ba, mutum ya fito ta waje ya bi baranda ya shiga gida.

Ko rumfa ce, a duba inda bayan mota zai fuskanta. Salansar da ke kallon tagar ɗakin yara ta ɓata duk dabarar.

Mataki na biyu: hau silin da tocila

Wannan shi ne wurin da aka fi mantawa, kuma shi ya fi kawo matsala a gininmu. Birkila yakan tsayar da bulon cikin gida a daidai tsayin silin, daga nan zuwa kwano babu komai. Ka duba daga ƙasa ka ga bango cikakke, an yi filasta an yi fenti, amma a sama gareji da falo da ɗakin uwargida duk ɗaki ɗaya ne. Hayaƙi mai zafi yana tashi, ya bi ta tsagar silin, ta gefen ƙwan fitila, ta inda aka rataya fanka, ya bazu a ƙarƙashin kwano, sannan ya sauko duk inda ya samu kafa.

Ka sa tsani ka leƙa ta ƙofar silin. Idan ka hango saman gareji daga saman falo ba abin da ya tare, a kira magini ya ƙarasa bulon har ya taɓo rufi, a cike abin da ya rage da siminti. Inda hakan ba zai yiwu ba, a toshe silin ɗin garejin kansa sosai, a bi kowace tsaga da abin liƙi. Daga nan ka sauko ka bi bangon da ido: ramin da mai gyaran AC ya fasa ya zura bututu bai cike ba, inda fayif ɗin ruwa ya ratsa, soket biyu da aka sa baya da baya a bango ɗaya. Duk a cike su. Idan akwai AC irin na taga da bayansa ke cikin gareji, a cire shi, a toshe ramin da bulo.

Mataki na uku: ƙofar tsakani

Ƙofar falange mai rami a ciki, irin ta ɗakunan kwana, ba ta dace da nan ba. Ƙa'idar Amurka ta ce ko dai katako ne cikakke mai kaurin milimita 35, ko ƙarfe, ko ƙofar da za ta jure wuta na minti 20. A Ingila minti 30 ake nema. Ka sa mata roba a gefuna da ƙasa, ka kuma sa mata ƙarfen nan da ke mayar da ƙofa ta rufe da kanta, saboda yaro ba zai tuna ba, kai ma ranar da ka shigo da leda a hannu biyu ba za ka tuna ba.

Gwajin ba shi da wuya. Rufe tagogin gida, kunna fankar da ke zuƙe hayaƙin girki a kicin da ta banɗaki idan akwai, sannan ka kunna turaren tsinke a gefen gareji, ka bi bakin ƙofar da shi a hankali. Duk inda ka ga zaren hayaƙin ya karkata yana kutsawa ciki, nan ne kafar. Dalili kuwa, waɗannan fankoki suna fitar da iska daga gida, gidan kuma sai ya jawo madadinta ta inda ta fi sauƙin shigowa, sau da yawa ta gareji.

Mataki na huɗu: ba wa garejin hanyar numfashi

A sa bulo mai huji ko taga mai raga a bango biyu da ke kallon waje, wasu ƙasa wasu sama, don iska ta ratsa. Wanda ke da hali ya ƙara da fanka mai fitar da iska waje, ya bar ta tana aiki bayan mota ta shiga ko ta fita. Kada bakinta ya huro kusa da taga.

Mataki na biyar: daina ɗumama mota a ciki

Duk gyaran da aka yi a sama ba zai cece ka ba idan wannan hali bai canja ba. Da sanyin safiyar hunturu mutum ya tayar da mota, ya bar ta tana gunji, ya koma ciki ya sha shayi. Alhali lokacin da inji ke da sanyi ne ya fi fitar da guba, domin matatar da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, ba ta fara aiki sai ta yi zafi. Ga shi kuma a wasu motocin Kwatano an riga an fasa an cire ta an sayar, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Motar da ba ta da ita, hayaƙinta ɗanye yake fita ko inji ya yi zafi.

Buɗe babbar ƙofa ba ya wadatarwa. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Jihar Iowa ta Amurka, ɗumama mota na minti 2 kacal, ƙofar gareji a buɗe, ya kai kabon monoksaid kashi 500 cikin miliyan na iskar garejin, kuma bayan awa 10 da fitar motar ana iya auna ragowarta a garejin. Saboda haka tsarin shi ne: rufe ƙofar cikin gida, buɗe ta waje, tayar da mota, fitar da ita nan take. In dole ka ɗumama, yi a waje. Da ka dawo kuma, shiga da goshin mota, salansa na kallon babbar ƙofa. Na san mutanenmu sun fi son shiga da baya don fita ta yi sauƙi, amma hakan na tura hayaƙin ne ga bangon gida. Kashe inji da zarar ka tsaya, kada ka zauna kana ƙarasa waya da AC a kunne, ka kuma bar ƙofar waje a buɗe na ɗan lokaci.

Masu motar da ake tayarwa da danna maɓalli su ƙara kula. Injinsu ba shi da ƙara, makulli yana aljihu, mutum kan fita ya ɗauka ya kashe. A 2018 jaridar New York Times ta ƙirga mutum 28 da suka mutu ta haka a Amurka tun daga 2006.

Wanda ke kwanar da babur a soro, wannan magana da shi ake. A tura shi waje tukuna, sannan a ba shi kik.

Mataki na shida: fitar da janareta da jarkokin mai

Gareji kan zama ɗakin janareta saboda tsoron ɓarayi da ruwan sama, kuma an sha jin labarin iyalan da aka wayi gari sun rasu gaba ɗaya ta wannan hanya. Ƙaramin janareta ba shi da matatar hayaƙi, ga shi yana kwana yana aiki ana barci. Hukumar kula da cututtuka ta Amurka ta ce a ajiye shi aƙalla ƙafa 20, kimanin mita 6, daga ƙofa da taga. A yi masa kejin ƙarfe a can ƙarshen tsakar gida, a sa kwaɗo.

Jarkar fetur, fenti da tina su ma a nema musu wani wuri. Fetur yana fitar da tururin wani sinadari mai suna benzin ko ba a kunna komai ba, shi kuma benzin an tabbatar yana jawo kansar jini. Binciken hukumar lafiya ta Kanada ya nuna gidajen da gareji ke manne da su sun fi yawansa a iskar ɗakunansu.

Mataki na bakwai: sayi na'urar gargaɗi

Ka tabbata ta kabon monoksaid ce, domin mai gano hayaƙin gobara daban take, ko da yake akwai mai haɗe da biyun. Ɗauki mai batir, saboda halin wutarmu. Sa ɗaya a cikin gida kusa da ƙofar gareji, ɗaya a bakin ɗakunan kwana, ɗaya a kowane bene. Kada ka sa ta cikin garejin, za ta yi ta kuka duk tashin mota har ka gaji ka zare batir. Mai ƙa'idar Turai takan yi ƙara cikin minti 3 idan iskar ta kai kashi 300 cikin miliyan. Duba ranar ƙarewar aikinta a bayanta, yawanci shekara 5 zuwa 10 ne.

Idan ta yi ƙara, ko mutane suka fara jiri

Babbar alama ita ce mutum biyu ko uku su kamu da ciwon kai lokaci guda, kuma su ji sauƙi in sun fita waje. A fitar da kowa sarari, a bar ƙofofi a buɗe, a kashe injin idan za a iya ba tare da daɗewa a ciki ba. Wanda ya suma ko ya ruɗe, mai ciki, jariri, tsoho da mai ciwon zuciya, a kai su asibiti kai tsaye. Kada a tsaya ɗura madara ko manja, ba sa fitar da komai daga jini, kuma wanda hankalinsa ya gushe yana iya shaƙewa. Maganin oksijin ne: a iskar waje jiki na ɗaukar awa 4 zuwa 5 kafin ya rage rabin gubar, da oksijin zalla kuwa kimanin awa ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. A gaya wa likita cewa hayaƙin mota ko janareta ake zargi, domin 'yar na'urar da ake maƙala wa a yatsa tana iya nuna oksijin lafiya lau alhali jinin cike yake da guba. Kada kowa ya koma ya kwana a gidan sai an gano inda hayaƙin ya shigo an toshe.