Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta labarin matasa bayan rushewar duniya

Akwai irin labarin da duniya ke watsewa a cikinsa, annoba ko yaƙi ko fari ya ci yawancin jama'a, a bar wasu matasa 'yan shekara 15 zuwa 18 suna fafutukar yadda za su wayi gari da rai. Ina matuƙar son wannan fanni, shi ya sa raina yake ɓaci idan na ga labari mai ƙashi ya mutu a hannun marubucinsa saboda kurakuran da gyaransu ba wuya.

Kuskuren da ya fi kowanne kashe labari shi ne zaɓin da ba ya cin komai. Marubuci zai tsayar da jarumarsa gaban azzalumi da bayin Allah, ya ce ta zaɓa. Ai tun kafin ta buɗe baki mai karatu ya san inda za ta faɗa. Zaɓin da ke hana mai karatu barci shi ne wanda kowane ɓangare yake da haƙƙi a kanta. A ce maganin da ya rage a jakarta na mutum ɗaya ne. Ƙanenta raunin ƙafarsa ya fara ruɓewa, ga kuma dattijuwar da ita kaɗai ta iya gyaran famfon da mutum 30 ke sha, ita ma zazzaɓi ya kayar da ita. Duk wanda ta ba, akwai wanda ta hana. Kafin ka rubuta irin wannan fage, zauna ka lissafa abin da za ta rasa ta kowace hanya. Idan ɗaya hanyar babu asara, sake lale.

Sai kuma tausayi ya kama marubuci, a babi na gaba a tsinci akwatin magani a wani kango, kowa ya warke. Kada ka yi haka. Bar ta ta ɗauki nauyin abin da ta zaɓa: 'yar dattijuwar ta daina gaishe ta, famfon ya lalace, ƙanen da ta ceta ya gano yadda aka yi ya rayu, ya kasa haɗa ido da ita.

Kuskure na biyu shi ne ɗauka cewa da zarar hukuma ta faɗi kowa zai koma kura. Abin da ya faru a zahiri ya sha bamban. A 1965 wasu yara 6 'yan makaranta daga Tonga, wata ƙasar tsibirai a tekun Fasifik, sun maƙale a tsibirin 'Ata da babu kowa, suka yi wata 15 kafin wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ostireliya, Peter Warner, ya gano su. Sun raba aiki, sun riƙe wuta ba ta mutu ba, da ɗayansu ya karye suka ɗaure masa ƙafar har ta haɗe. A 1972 jirgin sama ɗauke da mutum 45 daga Uruguwai ya faɗi a tsaunukan Andes na Amurka ta Kudu, mutum 16 suka fita da rai bayan kwana 72. Yunwa ta kai su ga cin naman waɗanda suka rasu, amma da shawara suka yi, da kuka, bayan sun yi wa juna alkawarin cewa wanda ya riga mutuwa ya yafe jikinsa. Mugunta tana nan, amma ta fi ban tsoro idan ta fito daga mutumin da jiya ya raba ruwansa da kai.

Na uku, mantawa da jiki da kayan aiki. Mutum yana iya jure makonni babu abinci, amma babu ruwa kwana 3 ko kusa da haka ne. Fetur yana lalacewa idan ya daɗe a ajiye, don haka motar da ta shekara 10 a titi ba za ta tashi da murɗa makulli ɗaya ba. Insulin, allurar masu ciwon suga, yana buƙatar sanyi, kuma kwalara tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke haifar da zaɓin da muka yi magana a kai. Wa zai je ɗebo ruwa alhali hanyar ba lafiya? Wa zai faɗa wa mai ciwon suga cewa na'urar sanyaya magani ta mutu?

Wasu kuma sai su cinye shafi 20 na farko suna ba da tarihin bala'in. Fara da yarinyar tana tace ruwa da tsumma, tarihin zai biyo a hankali. Kuma ba dole rushewar ta zo dare ɗaya ba: dutsen Tambora na Indonesiya ya yi aman wuta a 1815, sai a 1816 amfanin gona ya lalace a Turai da Amurka ta Arewa saboda sanyin da toka da hayaƙinsa suka jawo.

Akwai kuma matashin da ke magana kamar ɗan shekara 60, kullum cikin hikima, ba ya kuskure. Ɗan shekara 16 yana fushi kan abin da bai taka kara ya karya ba, yana kewar wayarsa da ta mutu, yana ɓoye gwangwanin abinci ya kwana yana jin kunya. Ba shi damar yanke shawarar da ba daidai ba bisa dalilin da mai karatu zai fahimta, sannan washegari ka sa shi ya zauna cin abinci kusa da wanda ya cutar.