Yadda Direba Mai Ƙarancin Ƙarfi Zai Matsar da Tayoyin Bayan Tirela ba Tare da Ya Ji wa Kansa Ciwo ba

A hanyoyin Amurka da Kanada, yawancin dogayen tirelolin ɗaukar kaya masu tsawon ƙafa 53 ba a kafe tayoyinsu na baya a wuri ɗaya ba. Aksil biyu na baya, wato ƙarafan da tayoyi ke juyawa a kansu, suna zaune ne a kan wani firam da ke zamewa gaba ko baya a ƙarƙashin bodi, a tsakanin dogayen ƙarafa biyu masu jerin huji, kuma sakatun ƙarfe, galibi guda huɗu, su ne ke shiga hujin su riƙe shi. Dalilin wannan tsari shi ne awo. Dokar tarayyar Amurka ta kayyade nauyin mota da kayanta a laba 80,000, wato kimanin kilo 36,000, ta kuma hana aksil biyu da ke haɗe su ɗauki fiye da laba 34,000. Jihar Kalifoniya ta ƙara nata sharaɗin, cewa tazarar da ke tsakanin ƙusar da ke haɗa tirela da kan mota zuwa aksil na ƙarshe kada ta wuce ƙafa 40. Saboda haka direba yakan sauka daga sikeli da takardar awo a hannu, ya ga cewa dole ne ya matsar da tayoyin kafin ya hau babbar hanya.

A nan ne wahalar take ga mata direbobi masu ƙaramin jiki, da dattawa, da duk wanda kafaɗa ko baya ke damunsa, domin mariƙin da ake ja don zare sakatun yakan ƙi motsi ko da mutum ya rataya a jikinsa. Abin da ya kamata a fahimta shi ne, a mafi yawan lokaci ba mariƙin ne yake da tauri ba. Bodin tirela ne, da duk lodin da ke cikinsa, ya jingina da sakatun ya matse su a gefen hujin, kamar yadda sakatar ƙofa ke ƙin zaruwa idan wani ya danne ƙofar daga waje. Babu ƙarfin dantse da zai rinjayi tan ashirin na kaya. Injin mota ne zai sauke wannan matsin, aikin direba kuwa shi ne ya samar da abin da zai ci gaba da jan mariƙin yayin da shi yake zaune a bayan sitiyari.

Da farko a nemi wuri mai baje kuma busasshe, a tsayar da kan mota da tirela a miƙe sambal. Ƙasa mai gangare ko tudu a gefe ɗaya tana murɗa firam, sai a ga sakatu uku sun zaru ɗaya ta maƙale. A ja maɓallan birki biyu, mai launin ja da mai launin rawaya, don birki ya kulle kafin a bar kujera, sannan a sa safar hannu a ɗauki tocila, domin ƙarƙashin tirela da duhu ko da rana tsaka.

Idan an gwada mariƙin sau ɗaya ya ƙi, kada a ci gaba da kokawa da shi. Akwai wani ɗan kayan aiki da ake sayarwa a manyan tashoshin da direbobi ke yada zango, sanda ce mai sifirin da ƙugiya, wadda ake maƙala bakinta ɗaya a mariƙin, ɗayan kuma a gefen bodi, ta yadda za ta riƙa ja ba tare da hannun kowa ba. Wanda ba shi da ita zai iya amfani da igiyar roba mai kauri mai ƙugiya a kowane baki. Wasu sun fi son filaya mai kulle kanta, irin ta Vise-Grip: a ja mariƙin iyakar inda ya yarda ya zo, a danne shi da filayar a jikin ƙarfen da yake ratsawa don kada ya koma, a je a girgiza motar, a dawo a ƙara ja. Wannan hanya tana aiki, sai dai tana sa hawa da sauka sau biyu ko uku, kuma ga mai ciwon gwiwa hakan ma wata wahala ce, shi ya sa a ganina sandar sifirin ta fi cancantar kuɗinta.

Bayan an ɗaura abin ja, sai a koma cikin mota a saki birkin kan mota kaɗai, wato a danna maɓalli rawaya, a bar mai launin ja a waje domin tayoyin tirela su kasance a kulle. A sa giya mafi ƙanƙanta a ɗan ja gaba kaɗan, sannan a sa ribas a ɗan tura baya, a hankali, ba tare da taka totur da ƙarfi ba. A tsakanin waɗannan motsi biyu akwai ɗan lokacin da nauyi ke sauka daga kan sakatun, kuma a daidai lokacin ne sifirin zai fizge su. Sau da yawa, wanda ya sauke gilashi zai ji ƙarar zarewarsu da kunnensa.

Wajen alkiblar matsarwa ne sababbin direbobi suka fi ruɗewa, tunda tayoyin a tsaye suke, bodin ne ke tafiya a kansu. Idan tayoyin kan mota ne suka yi nauyi fiye da kima, ana so tayoyin tirela su matso gaba su karɓi wani kaso, don haka ribas za a yi. Idan kuwa na tirela ne suka yi nauyi, sai a ja gaba su koma baya. Direbobi sukan ƙiyasta cewa kowane huji yana sauya kimanin laba 250 inda tazarar hujin inci 4 ce, ya kuma fi haka inda take inci 6, amma ƙiyasi ne kawai, sikeli ne ke da magana ta ƙarshe. Tun kafin a motsa a ƙirga hujin a shata wanda ake so da alli, kuma idan tirelar tana da sandar tsayarwa da ake zurawa a huji, a sa ta, don ta rage yawan sauka duba.

Idan an kusa hujin da aka shata, a ja birki duka, a sauka a cire sifirin ko filayar, a saki mariƙin, sannan a koma a matsa a hankali har sakatun su faɗa da kansu. Daga nan a ɗan ja gaba a ɗan tura baya alhali birkin tirela yana kulle, a kuma zagaya da tocila a ga kowace sakata ta fito sosai ta cikin hujinta a ɓangarorin biyu. Wannan dubawar ba a tsallake ta ko ana sauri, domin firam da bai kullu ba yana iya zamewa da ƙarfi a birkin farko da za a taka a kan hanya. Ba a sa yatsa a huji, ba a kuma tsayawa kusa da tayoyi idan wani ne yake tuƙa motar.

Wani lokaci tayoyin tirela kan biyo motar maimakon su tsaya, musamman a kan ƙanƙara ko bayan doguwar tafiya da ta ɗumama birki. Maganinsa waigi ne a gaba da bayan taya, ko a ɗan jira birkin ya huce. Idan tsatsa ce ta ci sakatun, wadda gishirin da ake zubawa a hanyoyi lokacin hunturu ke haddasawa, a fesa musu mai irin WD-40, a jira 'yan mintoci, a ɗan buga kan wadda ta maƙale da ƙaramar guduma. Sakatar da ta lanƙwashe ko sifirin ɗinta ya karye kuwa aikin makanike ne, a rubuta ta a rahoton duba mota.

Tirelolin zamani da yawa suna zuwa da maɓallin iska a maimakon mariƙi, kamar tsarin Quik-Draw na kamfanin Hendrickson, inda iskar tankin birki ce ke zare sakatun. Direban da kafaɗarsa ba ta da lafiya yana da damar tambayar kamfanin da zai ɗauke shi aiki ko irin waɗannan tireloli yake da su. Ko da su ɗin ma, sai an tabbatar tankin ya cika da iska, kuma idan sakatun sun matsu sai an girgiza motar gaba da baya kamar yadda ake yi wa mai mariƙi.