Yadda Ake Auna Tsawon Bututun Bindiga Mai Birki a Baki

Birkin baki shi ne ƙarfen nan mai ramuka a gefe da ake ɗaurawa a bakin bindiga, ya karkatar da iskar harbi gefe don rage naushin da kafaɗa ke sha. Da zarar an ɗaura shi sai tambaya ta taso: tsawonsa yana cikin na bututu ko kuwa? Mai lasisi a Bauchi ko ma'aikacin da ke rubuta bayanan makaman wurin aikinsa yana bukatar lambar da ta yi daidai.

Ba a auna bututu daga waje, domin wani sashensa a nutse yake cikin jikin bindiga, kuma gurbin harsashi ma cikin lissafi yake. Daga ciki ake yi, da sanda miƙaƙƙiya mai shafaffen kai wadda za ta wuce ba tare da gogar bango ba. Ta katako ko ta tagulla ta fi, kada a karce bakin.

A cire gidan harsashi, a buɗe sakata, wato ƙarfen da ke rufe gurbin harsashi ta baya, a duba gurbin da ido, a sa yatsa. Sai a rufe sakatar a bar ta a ɗane. Wannan na da dalili: a wasu bindigogin idan ba a ɗana ba, allurar da ke bugun harsashi takan leƙo waje, sanda ta tsaya a kanta, awo ya ragu. A zura sanda a hankali har ta dafa fuskar sakata, a yi alama daidai bakin, a zaro a auna da tef. A maimaita, domin sanda takan maƙale a ramukan birki mutum ya ɗauka ta kai ƙarshe.

To, ina za a yi alamar? Idan birkin na murɗawa ne, a kwance shi tukuna, a auna zuwa ƙarshen bututun kansa, har da wurin tiredi. Ƙa'idar Amurka ke nan: abin da ake iya kwancewa ba ya shiga lissafi. Wanda aka liƙa dindindin ne kawai ake ƙirgawa, wato da cikakkiyar walda, ko liƙin azurfa mai zafin kusan digiri 593 na Salsiyas, ko ƙusar da aka nutsar aka yi wa kanta walda. Gam ko matsi da sifana ba su isa ba. A can mafi ƙarancin tsawon bututun raifil da ba ya bukatar rajista ta musamman inci 16 ne, shi ya sa ake liƙa birki a bututu mai inci 14.5 don ya kai. Kanada kuwa ba ta ƙirga birki sam, ko an yi masa walda.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa lamba biyu a ka. Bututu mai inci 22 da birki mai inci 2.5 ba su ba da 24.5, saboda birkin yana hawa kan tiredi, wanda yakan kai kusan inci 0.6. Sanda za ta nuna wajen 23.9. Kuma wannan ƙarin ba ya ƙara wa harsashi gudu, tunda iska ta riga ta fara tserewa ta ramuka. A lissafin gudu, 22 ɗin ce ke aiki.

A nan gida kada a ɗauki lambar Amurka a yi aiki da ita. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana rage bututun bindiga mai santsin ciki, irin ta harbin tsuntsaye, ƙasa da inci 20. Mafi aminci a rubuta lamba biyu, da birki da kuma ba birki, a nuna wa ofishin 'yan sanda mai kula da lasisi su faɗi wadda za ta hau takarda.